Tasar da Na Binne Bayan Ɗakin Baba

Bari in faɗa muku da bakina tun kafin ku ji a bakin Gwaggo Ladidi: e, na haƙa rami a gidan ubana, na binne abu a ciki, kuma bayan an hana na yi. Ban musa ba a lokacin, yau ma ba zan musa ba. Abin da na ƙi yarda da shi har gobe shi ne sunan da suka laƙaba wa abin.

Sunana Lauratu. Ƙauyenmu yana gefen titin da ya tashi daga Funtuwa ya nufi Malumfashi, kuma shekarata goma sha takwas lokacin da abin ya faru. A kakar 1964 auduga ta yi wa Babanmu, Malam Sada, kyau irin wanda bai taɓa gani ba. Wasu suka sayi shanun huɗa, wasu suka yi rufin kwano, shi kuwa ya je Funtuwa ya dawo da akwatin rediyo ɗaure a bayan keke, an naɗe shi cikin bargo kamar jinjiri. Katako ne mai sheƙi, gabansa yadi ruwan zuma, ga gilashi mai sunayen garuruwa da jar allura. Inna ta ɗinka masa riga da ƙyallen farin leshi, aka ɗora shi kan tebur a ɗakin Baba, aka kafa doka cewa ba mai taɓawa sai mai shi.

Doka ta zauna, amma akwati ya ƙi magana. In an kunna sai ƙara kawai kamar ana suyar gyaɗa. Kwana uku Baba yana murɗe-murɗe, maƙwabta suna zaune a zaure suna jira. Rana ta huɗu ya koma Funtuwa ya taho da mai gyara.

Shi ne Rabe. Dogo ne, baƙi, da wandon kaki da 'yar shara fara, sukundireba a saƙale a kunne inda mutane ke saƙala fensir. Ya duba akwatin ya ce lafiyarsa ƙalau, nisa ne ya yi masa yawa, sai an ɗaura masa doguwar waya a sama. Ya tuɓe takalmi ya haye ɗorawar da ke bayan gidanmu, ya ɗaure waya a can ƙololuwa, ya jawo ta har tagar Baba. Ni kuwa ina tsakar gida wai daka nake yi. Inna ta ce rannan sau biyu na daki gefen turmi.

Da ya sauko sai ya nemi a ba shi fartanya, da gawayi, da gishiri cikin tafin hannu biyu.

Baba ya ce, "Gishiri kuma? Miya za ka yi wa rediyon?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, wayar nan ta sama ba magana kaɗai take jawowa ba. In damina ta faɗi aka yi tsawa kusa, ita ma wayar za ta biyo. To baƙuwa ce da ba a hana ta shigowa, sai dai a nuna mata wata hanyar fita."

Ya haƙa rami bayan ɗakin Baba, ya kafa sandar jan ƙarfe mai tsawon kamu biyu, ya zuba gawayi da gishiri, ya rufe. Ya ɗaura wata waya daga sandar zuwa wani ɗan ƙarfe mai mariƙin katako da ya kafa a bango ƙarƙashin taga. Sakata ya kira shi. In an ɗaga ta sama, wayar ɗorawa ta shiga rediyo. In an sauke ta, wayar ta wuce kai tsaye cikin ƙasa, ta bar akwatin.

Ya ce, "Abu biyu kawai. Da an ga hadari a sauke sakata. Kuma kullum a riƙa zuba wa ramin nan ruwa, don busasshiyar ƙasa ba ta karɓar baƙo."

Baba ya murɗa akwati, sai ga muryar Kaduna tar kamar mutumin yana cikin ɗakin. Don murna bai ma waiwayo ba ya ce, "Lauratu, ruwan ramin nan aikinki ne."

To kun ji yadda aka yi. Ubana ne ya ba ni aikin da bakinsa.

Duk bayan mako biyu Rabe yakan kawo batir. Ya gane na yi ajin yaƙi da jahilci, ina karanta boko, sai na fara tsintar takarda a naɗe cikin kwalin batir ɗin. Ta farko cewa ta yi: "Lauratu, ina gaisuwa. A zuba wa rami ruwa ko da an manta da wanda ya haƙa shi." Na rubuta a bayanta: "Rami ya sha ruwa. Mai haƙa ya nemi nasa a Funtuwa." Na sa cikin kwalin tsohon batir na miƙa masa ina kallon ƙasa. Wata takardar ta ce: "In hadari ya haɗo, sakata tukuna, sannan shanya." Na amsa: "In zanena ya jiƙe kai za ka saya mini wani." Bayan mako biyu sai ga turmin atamfa mai ganyen rogo, kore da ruwan ƙwai, a hannun Inna.

Kafin ruwan farko ubangidan Rabe na Funtuwa ya zo da dattawa biyu da ƙwaryar goro da ƙunshin kayan na-gani-ina-so. Rabe bai ɓoye komai ba. Ya sa aka gaya wa Baba cewa shi ɗan Labo ne, Bamaguje daga wajen Kafur, ya musulunta shekara shida da suka wuce a hannun limamin unguwarsu. Baba ya ce ya ji, ya ga sallar yaron, ta ishe shi. Aka ce sai bayan kaka.

Ana cikin haka Gwaggo Ladidi ta iso daga Bakori. Yayar Baba ce, ita ta goye shi, kuma ba ta bari ya manta. Ta ce kwana uku za ta yi, ta zo da tabarmarta da butarta da akwatin ƙarfe. Rannan da aka nuna mata kayan ta ɗaga ɗankwalin da yatsa biyu ta ce, "Ɗan wane gida?" Da aka gaya mata sai ta saki ɗankwalin.

"Labo na wajen Kafur? Ba gidan masu aradu ba ne? Sada, ɗiyar taka za ka ba su?"

Daga nan ta sa mini ido. Ku kuma ku yi mini adalci, ku duba abin da ta gani. Yarinyar da samari uku suka zo ta ƙi ko fita zaure, ga ta kullum da la'asar ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗauki tulu ta zagaya bayan ɗakin ubanta, ta durƙusa tana tsiyaya ruwa a wuri guda tana murmushi ita kaɗai. Murmushin kam na yi, ba zan yi ƙarya ba. Takardunsa nake tunawa.

Wata Talata na dawo daga rijiya na tarar da gida ya cika da mata. Gwaggo tana tsakiya, zane ɗaure a ƙugu, hannu duk laka, ta baje sandar jan ƙarfe da gawayi da dunƙulen gishiri a kan faifai.

"Ku zo ku gani! Ƙarfe, gawayi, gishiri, an ja zare har cikin ɗakin maigida! An ɗaure uba, an ɗaure ɗiya, kuma ita ake sa wa ta shayar da shi kullum don kada ya mutu. In wannan ba asiri ba ne, a gaya mini sunansa!"

Na ajiye tulu na ce, "Gwaggo, wayar ƙasa ce. Ta rediyo ce."

"Rediyo yana cin gishiri?"

"Don tsawa ne aka yi."

Ta tafa hannu ta juya ga matan. "Kun ji ko? Da bakinta ta faɗa. Tsawa! Aikin gidansu ke nan."

Baba ya fito daga ɗaki. Na ɗauka zai ce a gabansa aka haƙa, shi ya ba da gishirin ma. Sai na ga yana kallon faifan kamar yau ya fara ganin abin. Kun san mutum in yayarsa ta tara masa mata goma a tsakar gida.

Na ce, "Baba, ai kana tsaye Rabe ya binne."

Ba a taɓa jin budurwa ta kama sunan wanda zai aure ta a gaban ubanta ba, ni ma sai da ya fita na ji nauyinsa. Amma ban sunkuyar da kai ba. Gwaggo ta ce, "Ka ga aikin abin ko?"

Baba ya sa aka ɗauko ƙunshin kayan daga ɗakin Inna, ya rataye shi a azarar zaure da hannunsa. Ya ce yaron kada ya sake tako masa gida sai ya bincika. Sannan ya nuna ni da yatsa.

"In na sake ganin an binne ko allura a gidan nan, ƙunshin can da ƙafata zan kai shi Funtuwa. Magana ta mutu ke nan."

Gwaggo ta kai sandar rafi ta jefa. Wayar ƙasa ta rage tana reto a jikin bango, ba inda ta nufa. Baba kuwa ya ci gaba da jin rediyonsa, don wayar sama ba wanda ya kira ta asiri.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Kwana biyar ina wucewa ta zaure ina ganin ƙunshin nan yana lilo bisa kaina. Rana ta shida Hansai mai nono, wadda takan kai nono kasuwar Funtuwa, ta tsaya auna mini kindirmo, ta tura wata takarda ƙarƙashin faifaina. Na shiga bayan rumbu na buɗe.

"Lauratu, abin da aka ce a kaina bai hana ni barci ba. Wannan ne ya hana ni: wayar sama tana nan bisa ɗorawa, ta ƙasa an cire. Ko dai a kwance ta sama, ko a mayar da ta ƙasa. Ba akwatin kaɗai nake ji ba, Malam yakan zauna da kunnensa a jikinsa. In ba a samu jan ƙarfe ba, tagulla ma tana yi."

Ko kalma ɗaya ta soyayya babu a ciki, kuma ba takardarsa da ta shige ni kamar wannan.

Na sami Baba bayan azahar na durƙusa na ce ko za a kwance wayar ɗorawa sai damina ta wuce. Ya ce, "In kwance in ji labarin duniya da me? Wa ya aiko ki?" Ya ce in tashi in ba shi wuri.

To ku gaya mini, me kuke so in yi? In na bari, ga hadari kullum yana haɗowa ta gabas. In na binne, na binne aurena tare da abin.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci, Gwaggo ta shiga maƙwabta suna. Na shiga ɗakin Inna na sauko da tasar tagulla daga saman jere. Ta kakata ce, aikin Bida, mai zanen ganye a baki, ita aka ajiye za a ɗora a ƙololuwar jerena ranar da aka kai ni. Na huda bakinta da ƙusa da dutsen niƙa, na zura wayar ƙasa na murɗe ta tamau yadda na ga Rabe ya yi. Ina cikin haƙa sai na ji inuwa a kaina. Inna ce. Ta dubi tasar, ta dube ni, ta juya ta tafi. Na ce shi ke nan, ta ƙare. Can sai ga ta ta dawo ta ajiye ƙwaryar gishiri da kaskon gawayi kusa da ƙafata, ta ce, "Na manta da waɗannan a nan, kada kaji su zubar." Ta wuce abinta.

Na rufe ramin, na binne wayar a gindin bango, na jawo tsohon turmi na kife a kai. Ruwa kuwa ban ƙara zubawa da tulu ba. A nan na koma wanke-wanke.

Kwana tara aka yi. Ranar Lahadi da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwasar kara. Inna tana kiran a kwashe shanya, Baba yana ɗaki ya kafa kunne, ana labarin farashin auduga na bana. Atamfata mai ganyen rogo tana kan igiya, na wuce ta da gudu na zagaya bayan ɗaki na kama mariƙin sakata na danna ƙasa. Muryar Kaduna ta ɗauke.

"Wane ne wannan?" Baba ya leƙo ta taga, ido ja. "Lauratu! Ɗaga ta!"

"Ba zan ɗaga ba, Baba."

"Me kika ce?"

"Ka yi haƙuri. In hadari ya wuce ka dake ni, amma yanzu ba zan ɗaga ba."

Na ja baya na tsaya a tsakar gida, ruwa ya fara sauka. Ya fito ba ko hula, da takalmi a hannu, Gwaggo tana bayansa tana cewa, "Ka gani ko? Ka gani ko?" Ya yi taku uku ke nan zuwa gare ni, sai duniya ta yi fari. Ƙarar ban ji ta da kunne ba, a ƙirji na ji ta. Da na buɗe ido ina zaune cikin laka, Baba yana durƙushe yana salati, Gwaggo ta shige ƙarƙashin rumbu. Wani babban reshen ɗorawa ya tsage ya faɗo kan dangarmu, wayar sama ta tsinke ta ƙanƙance, turmin nan da na kife ya wuntsila gefe, ƙasar wurin tana hayaƙi cikin ruwan sama.

Ba wanda ya ji ciwo. Amma kun san al'ada: inda aradu ta faɗa ba a taɓawa, ba a shiga ɗakin, sai masu ita sun zo sun zuba nono sun cire gatarinta daga ƙasa. Kuma wa kuke jin ya fara cewa a aika a kira su? Gwaggo Ladidi, daga ƙarƙashin rumbu. Masu aradu mafi kusa da mu kuwa gidan Labo ne.

Washegari da hantsi Labo ya iso, tsoho siriri da walki da ƙwaryar nono, rabin gari na biye da shi. Ya yayyafa wa ɗorawa, ya yayyafa wa bango, ya tsuguna inda ƙasa ta ƙone ya fara tono da ɗan ƙarfensa. Ni ina tsaye bakin madafa, na ɗaura atamfar nan da ruwa ya daka jiya, ko bushewa ba ta gama yi ba. Na ji ƙarfensa ya ce ƙwal.

Ya jawo ta a hankali. Ta yi baƙi, gefe guda ya lotsa, wayar ta narke ta manne da bakinta. Amma zanen ganyen yana nan, kuma duk macen da ke wurin ta san tasar.

Labo ya juya ta ya ce, "Shekara arba'in ina tonon gatari, ban taɓa tono tasa ba."

Baba ya ce, "Wa ya binne wannan?"

Inna ta buɗe baki, na riga ta. "Ni ce, Baba. Ranar Juma'a, kuna masallaci."

Gwaggo ta yi tsalle ta dire. "Ta sake binnewa, ta kirawo mana aradu cikin gida! Sada, ai ka yi rantsuwa a gabana. Ga uban yaron nan a tsaye, sauko da kayansu ka ba shi!"

Labo bai ko dube ta ba. Ya ce, "Ni ban san aikin waya ba, na yaron ne, ni da shi ma ba hanyarmu ɗaya ba yanzu. Abin da na sani, inda ta shiga ɗaki nakan tarar da toka. Malam Sada, na zuba nono, shiga ka duba."

Baba ya shiga. Muna jin motsinsa. Ya fito rungume da akwatin, rigar leshinsa fara fes, ya ajiye shi kan turmi a tsakar gida. Ya murɗa. Shiru. Gwaggo ta ja numfashi za ta yi magana, sai akwatin ya fara suyar gyaɗarsa, can ƙasa-ƙasa kuma, da yake ba waya, wata 'yar murya tana karanta gaisuwa. Baba ya daɗe yana kallon tagar ɗakinsa, daidai inda yakan jingina kai.

Ya wuce zaure ya sauko da ƙunshin. Na rantse a raina ko ya miƙa wa Labo ba zan yi kuka a gaban Gwaggo ba. Ya zo ya wuce Labo, ya wuce ni, ya ɗora wa Inna a hannu.

"Mayar da shi ɗaki." Ya juya ga Labo. "Wayata ta ƙone. Ka san mai ɗaurawa?"

"Na san wani, amma an ce an hana shi shigowa."

"Ka ce ya zo ranar kasuwa. Ya shigo ta zaure."

Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da tabarmarta da butarta da akwatin ƙarfe a ka. Ta ce ita Bakori ta nufa, wurin Baffa Jibo, babban wansu, wanda shi ke ba da auren kowace ɗiya a zuriyar, za a ga ko tasa ce ke ɗaura aure. Ba wanda ya riƙe ta. Na san wannan rigimar tana gaba, kuma na san Baffa Jibo ba ya jin rediyo.

Baba ya ɗauki tasar, ya shafa zanen ganyen da babban yatsa. Ta uwarsa ce. Na jira ya yi faɗa. Sai ya durƙusa ya mayar da ita cikin ramin da hannunsa, ya tura ƙasa a kai, ya daddanna. Bai dube ni ba ya ce:

"Ke kuma kin tsaya kallona. Ɗauko tulu ki zuba mata ruwa."